Idon Inna da Sojojin Dalma

Rakiya, Abdu, na sha jin yadda kuke ba da labarin nan in baƙi sun zo. Wai kakarku ce ta taso daga Tasawa ta tarar da ɗakina cike da gumaka, ta ɗaga murya, ni kuma na kwashe su jiki na rawa. Kuna dariya, baƙi na dariya, ni ma nakan yi murmushi don kada in ɓata hira. To, ba haka aka yi ba. Inna ba ta taɓa cewa in fitar da ko guda ɗaya ba, kuma ba na son ta ci gaba da ɗaukar laifin da ba nata ba, alhali tana kwance inda ba ta iya kare kanta. A lokacin ku ƙanana ne, Abdu ko igiyar takalmi bai iya ɗaurewa ba, abin da kuka sani bai wuce wanda kunne ya tsinta ta bayan ƙofa ba. Ga yadda abin ya kasance.

Sai na ɗan koma baya zuwa Lyon, inda na sauka ina saurayi da akwati ɗaya da rigar sanyi ta aro. Na kama ɗaki a kan tudun nan na tsofaffin masaƙa, a gidan wani Bature, Musye Rene, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana haɗa launi a masana'antar siliki. Gajere ne, mai faɗa, matarsa ta rasu, ba ɗa ba jika, sai sojoji. Sojojin dalma ne, tsawon kowanne bai wuce gaɓar babban yatsa ba, jere a kan kanta tun daga ƙasa har rufi, masu dawaki da masu bindigar ɗuri da masu jan igwa. Kowace Lahadi bayan azahar abokansa sukan zo, dattawa masu furfura, su shimfiɗa koren ƙyalle a kan dogon tebur, su dasa tuddai da itatuwa da gada, su jera runduna biyu. Sai a ɗauko rula a auna tafiyar soja, a jefa ƙwayar ludo a ga wa ya harbi wa, wanda ya faɗi a ɗauke shi a mai da akwati. Ranar da na fara ganinsu suna musu har jijiyar wuya na tashi a kan ko doki zai iya tsallake rafin da aka yi da shuɗiyar takarda, na ce a raina lalle mutanen nan sun ƙoshi. Ban yi wata uku ba muryata ta fi ta kowa tashi a musun.

Wasan bai kama ni kamar fentin ba. Musye Rene ya zaunar da ni gefensa ya koya mini daki-daki, da zagi da komai. A goge tabon zubi da ɗan magagari, a wanke soja da sabulu don fenti ya kama, a shafe shi da baƙi tukuna, sannan a fara hawa daga duhu zuwa haske da buroshin da bakinsa bai kai gashin ido kauri ba. In hannu zai yi rawa, a haɗa tsintsiyar hannu biyu a jingina gwiwar hannu da tebur, a riƙe numfashi. Na ɓata ashirin kafin ya kalli ɗaya bai yi tsaki ba. Amma inda ya fi tsanani shi ne faifan da ake tsayar da soja a kai, ɗan zagayayyen katako mai faɗin kwabo. A shafa masa gam, a tsoma shi cikin rairayi, a bari ya bushe, a yi masa launin ƙasa, a liƙa ɗan dutse nan, ɗan tsiron ciyawa can da hantsaki. Na taɓa kawo masa wani mai doki da na yi kwana huɗu a kansa, na bar faifan fayau. Ko dokin bai kalla ba.

"Isufu, ina yake tsaye?" in ji shi. "A kan tebur? Soja ba ya mutuwa a kan tebur. Koma ka ba shi ƙasa."

Wannan hannun da ya gyara mini shi ya ciyar da ku. Da na gama karatu na koma Paris, aikin da na samu na yi wa masu zanen gine-gine ƙananan samfurin gidaje ne, wanda ake ce wa maket. Na auri mahaifiyarku Hadiza, muka zauna a Saint-Denis, hawa na shida, ɗaki uku da falo. Ƙaramin ɗakin ya zama nawa. Na sa kabad mai gilashi da ya cinye bango guda, na yi shekara goma sha biyu ina cika shi. Hadiza ba ta so, ba ta hana ba. Sharaɗinta ɗaya ne: ba a salla a ɗakin, kuma ƙofarsa a rufe in baƙi 'yan gida sun zo. Na san abin da malamai ke faɗi a kan siffofi masu inuwa, ban jahilce shi ba. Nakan ce wa kaina ai kayan wasa ne, ai tarihi ne, ai ko ido ba na yi musu. Ban taɓa samun amsar da ta kwantar mini da rai gaba ɗaya ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar na samu ba. Abin da na sani, in na dawo daga cunkoson metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na zauna da buroshi, duk hayaniyar garin nan takan fita daga kaina.

A shekarar da nake ba ku labari ina cikin wata runduna da ta fi duk sauran shiga raina. Musye Rene da abokansa sun shirya baje wani tebur a Lyon da bazara, na yaƙin duniya na biyu, suka ba ni sojojinmu baƙar fata da Faransa ta kwasa, masu jar hula. Guda ashirin da huɗu. Kun san kakan nan nawa, mahaifin Inna, cikinsu aka tafi da shi tana goye, bai dawo ba, ba hoto, ba kabari, ba takardar da ta ce ga inda ya faɗi. Abin da Inna ta gada game da shi magana ɗaya ce daga bakin uwarta: ya zo sallama sau ɗaya da jar hula da jar ɗamara, ya sha fura a tsaye, ya tafi. Na san a fagen fama hular ƙarfe suke sawa, Musye Rene ma ya yi mini ƙorafin haka a waya, na ce nawa dai da jar hula za su tsaya, in bai so ya nemi wani.

Ina tsakiyar wannan aiki ƙanwata ta bugo waya ta ce idon Inna ya rufe. Yanar ido ce ta lulluɓe duka biyun, sai haske da duhu kawai take bambantawa. Muka yi ta fama da takardu har Allah ya sa aka ba ta izinin zuwa. Saura kwana biyu ta sauka, Hadiza ta tsaya a bakin ƙaramin ɗakin, hannu a ƙugu.

"Malam, nan za ta kwana, ka sani. Kuma kabad ɗin nan naka shi ne a alƙibla. Ka kwashe su."

"In kai su ina? Su dubu ne da wani abu."

"To ka faɗa mata, ta zaɓa. In falo take so ta yi sallarta, sai ta yi."

"Ai ba ta gani, Hadiza."

Ta dube ni, sannan ta juya ta koma kicin. Ban taɓa faɗin maganar da ta fi wannan muni ba, kuma a lokacin ko a jikina. Gani nake na warware matsala cikin sauƙi.

Inna ta zo, 'yar siririya cikin mayafi biyu, tana riƙe da hannuna tun daga filin jirgi har lif ɗin benenmu, tana ta addu'a duk lokacin da ƙasa ta motsa a ƙarƙashinta. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, sai dai Baban Rakiya. Ni da kaina na shimfiɗa mata darduma, na kama kafaɗunta na juya ta. Na ce Inna, nan ne gabas. Tsakanin goshinta da gilashin kabad bai fi taku biyu ba.

Likita ya duba ya ce za a yi aiki, ido ɗaya tukuna, amma layi da tsawo, sai bayan wata biyu. Wata biyu ga macen da ba ta taɓa zama hannu sake ba! Hadiza ta hana ta wuƙa, ta hana ta wuta. Inna ta tsince shinkafar gidan kaf, wadda ba ta da tsakuwa ko ɗaya, ta ninke kayan wanki har da waɗanda aka riga aka ninke. Ta ce gidanmu kamar akurki, ba kaza ba akuya ba maƙwabcin da za a yi wa sannu ta katanga. Wata Asabar da hantsi ina falo na shimfiɗa jarida, ina tankaɗe rairayin da na ɗebo a bakin kogi da 'yar rariyar shayi, sai ta karkata kai.

"Mi kake tankaɗe haka kamar mai jin tsoron rariya?"

"Rairayi ne, Inna. Na aiki ne, irin 'yan gidajen nan da muke yi."

"Miƙo nan. Wanga ba tankaɗe ba ne, wasa ne."

Ta sa Hadiza ta kawo mata faranti mai faɗi da rariyar gari. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu, ta fara. Ban taɓa ganin irinsa ba. Ta tankaɗe, ta bakace, ta karkata farantin tana bugun gefensa da yatsa, sai ga rairayin ya rabu gida uku: mai laushi kamar garin tuwo, matsakaici, da 'yan tsakuwa. Wanda ya ɓata hanya ta tsince shi da ɗan yatsa ba tare da ta gani ba. Daga ranar ta samu sana'a. Nakan shafa gam a kan faya-fayan tun ban ɗora sojojin ba, in miƙa mata, ta barbaɗa mai kauri a gefe, mai laushi a tsakiya, ta danna da babban yatsa, ta busa. Tana yi tana ba mu labarin Tasawa, wa ya mutu, wa ya auri wa, rijiyar wa ta ƙafe. Tana yi mini dariya wai an kai yaro Turai karatu ya dawo wasan ƙasa. Waɗannan safiyoyin Asabar, da rana ta shigo ta taga ta sauka a kan faranti, kuna cin burodi kuna kallon talabijin, Hadiza na soya albasa, ban san na ƙara samun irinsu ba a ƙasar nan. Ina jin daɗinsu, kuma a ƙarƙashin daɗin ina jin kunya, don na san hannun uwata na gina wa abin da na ɓoye mata wurin tsayawa.

Da aka sa ranar aiki, wata Litinin, sai lissafi ya dawo mini. Talata za a cire bandeji. Za ta shiga ɗakin nan da ido, ta ga abin da ta yi wata biyu tana sujada a gabansa, ta tuna wanda ya kama kafaɗunta ya juya ta. Ba faɗanta nake tsoro ba, Inna ba mai faɗa ba ce. Tsoro nake ta dube ni ta ga ɗan da ya mai da makantarta abin amfani. Hadiza ta sake cewa in faɗa mata, har sau biyu, na biyun da hawaye a idonta. Ban tambayi dalilin hawayen ba. Ranar Juma'a, da Hadiza ta kai Inna awon jini, na nemi izini a wurin aiki na dawo gida na kwashe su. Kowane soja na naɗe shi da auduga, masu mashi da tuta na yi musu gado dabam don kada su lanƙwashe. Akwati biyu manya da jaka. Na cika kabad da littattafai da kofunan da aka ba mu na aure. Asabar da safe na ce wa Inna aiki ya kira ni Lyon, ta sa mini albarka, na kama jirgin ƙasa.

Musye Rene ya tsufa a lokacin, hannunsa ya fara rawa, ya daina fenti sai faɗa. Ya buɗe akwatunan a kan dogon teburin, ya ɗaga ɗaya daga cikin masu jar hula zuwa taga. Ya juya shi, ya kalli faifan.

"Wannan ƙasar ba hannunka ba ne. Kai ba ka kai nan ba. Wa ya yi?"

Na faɗa masa duka. Ya saurara yana murza gemu.

"To ajiya ka kawo, in ta koma ka zo ka ɗauka."

"A'a, kyauta ce. Na ba ka, na ba ƙungiya."

"Shekara goma sha biyu, Isufu. Ka yi hauka?"

Ban yi hauka ba, wayo nake ganin na yi. In ajiya ce, nawa ne har yanzu. In kyauta ce, ko Inna ta ji ƙishin-ƙishin ta tambaye ni, zan iya dubanta in ce ba ni da ko ɗaya, kuma ban yi ƙarya ba. Ku dubi irin hankalin ubanku: ya yarda ya rabu da aikin shekara goma sha biyu don ya samu jimla ɗaya ta gaskiya da zai rufe ƙaryar wata biyu da ita. A jirgin dawowa na zauna hannu wofi, ina kallon gonaki na wucewa, ina ji kamar an cire mini haƙori.

Aikin idon ya yi kyau, alhamdu lillahi. Talata da hantsi likita ya ɗaye bandeji, Inna ta ƙifta, ta ƙifta, ta ce fitilar ta yi yawa. Da ta ga Hadiza, sai ta kama mata fuska da hannu biyu. Ta dube ni ta ce ashe na yi furfura ban gaya mata ba. A hanya ta karanta duniya da baki kamar mai koyon magana, ga bas, ga tantabara, ga wata ta fito ba zane. Muna shiga gida ko mayafi ba ta cire ba, ta wuce falo, ta nufi ƙaramin ɗaki. Na bi ta. Ta tsaya gaban kabad, ta rufe idon da ba a yi wa aiki ba da tafin hannu, ta bi kantocin ɗaya bayan ɗaya, littattafai, kofuna, littattafai.

"Ina mutanen?"

Na ce, "Waɗanne mutane, Inna?" Har a lokacin ban daina ba.

"Baban Rakiya, makauniya nike, ba gawa ba. Kwanana uku a ɗakin ga na buɗe gilashin in share ƙura, hannuna ya faɗa kansu. Na shafa, na ji kai, na ji ƙafa, na ji bindiga. Na kira Hadiza na ce mine ne wanga, ta faɗa mini gaskiya tun tambayar farko. Kullum in zan yi salla sai in yafa ma kabad ɗin zanena, in na sallame in cire."

Na juya, Hadiza na bakin ƙofa, kanta a ƙasa.

"Kada ka dube ta. Ni na ce ta yi shiru, in ga ranar da za ka faɗa mini da bakinka. Kowace Asabar ina zaune ina yi musu ƙasa, ina cewa yau zai faɗa. Zancen halas da haram ɗinsu, wannan tsakaninka da Ubangijinka da malamanka, kai ba yaro ba ne. Ni abin da ya yi mini ciwo, ka kama ni da hannunka ka ce nan ne gabas, ka yi shiru da sauran don ka san ba ni gani."

Na durƙusa a wurin, da kwat ɗina da takardun asibiti a hannu. Ta bar ni na daɗe a haka. Sannan ta yi magana a hankali, ba da fushi ba, kuma wannan ya fi dukan zafi.

"Hadiza ta ce akwai masu jar hula, irin ta babana. Na nemo su da hannu, na gane su, hularsu ba ta da baki. Wata biyu ina ƙirga kwana. Na ce in Allah ya buɗe mini ido, kafin in ga komi a garin ga sai na ga irin kayan da ya sa ya tahi."

Asabar ta gaba na sake kama jirgin Lyon. Na hau tudun nan, na ƙwanƙwasa. Musye Rene ya buɗe, ya ga fuskata, ya ce in shigo kafin in faɗi a kan matakala. Na gaya masa. Ya yi dariya har da tari, sannan ya daina, ya share ido.

"Ka kawo mini dubu da girman kai, ka dawo roƙon ashirin da huɗu. Kwashe abinka duka, wawa, wa ya ce ina so?"

Na ƙi. Abin da na bayar na bayar, a gidanmu ba a mai da kyauta, kuma abokansa sun riga sun zo sun gani sun yi murna, har an fara rabon wanda zai riƙe wace runduna. Na ce aro na zo, na mako ɗaya. Ya ɗaure akwatin da kansa da hannunsa mai rawa, ya saka mini gilashinsa na ƙara girma a aljihu, wanda bai taɓa bari na taɓa ba tun ina saurayi. Ya ce in gaida matar da ta fi mu iya ƙasa.

Lahadi da safe na jera su a kan teburin falo kusa da taga. Hadiza ta ɗiga wa Inna maganin ido, ta jira ya bi jiki, ta zaunar da ita. Inna ta kalli jerin daga nesa tukuna. Ta ce jar ta yi ja da gaske. Ta gane faya-fayanta, ta nuna wanda ta ce gam ya yi masa yawa. Sannan na ɗauki ɗaya, wanda ke tsaye kawai da bindiga a kafaɗa, na ɗora mata a tafin hannu, na riƙe gilashin tsakaninsa da idonta. Ta daɗe. Ta kalli hular, ta kalli ɗamarar, ta kalli ƙyallen da aka naɗe ƙwauri da shi.

"Ina gemunshi?"

"Ba su da gemu, Inna. Daga tsofaffin hotuna na duba. Yawancinsu shekara ashirin ne, wasu ba su kai ba."

Leɓenta na motsi, na gane lissafi take yi.

"Bai kai Sani na wajen ƙanwarka ba ke nan." Ta sake sunkuyawa kan gilashin. "Ni duk rayuwata tsoho nike gani in an ce babana. Da rawani, da sanda. Har fushi na yi da shi ina yarinya, na ce babba da shi ya tahi ya bar mu. Ashe yaro ne. Ashe yaro suka ɗauka."

Hawaye ya zubo daga idon da aka gyara da wanda ba a gyara ba. Hadiza ta ce likita ya hana murzawa, ta dafe mata da auduga. Inna ta yi wa babanta addu'a, mu muka amsa. Da ta gama ta miƙo mini sojan, ta ce in mai da su ga mai su, ta gani ya isa. Na mayar. An baje su a Lyon da bazara, ban je ba. Bayan rasuwar Musye Rene rundunonin suka watsu a hannun abokansa, yau ban san inda ko ɗaya yake ba, kuma har gobe in na wuce shagon da ke sayar da irin fentin nan nakan rage tafiya.

Inna ta ce ta yafe mini tun a ranar, kuma na yarda ta yafe. Amma yafiya dabam, yarda dabam. Washegari na karanta mata takardar likita, na ce ɗigo uku a rana har mako huɗu. Ta saurara, ta gyaɗa kai, ta juya wajen kicin.

"Hadiza, hakanan ne?"

Na ɗauka na ranar ne kawai. Haka ya zauna. In na ce jirginta ƙarfe goma zai tashi, Hadiza, hakanan ne? Bayan ta koma gida, in na bugo waya na ce kowa lafiya, sai ta ce in ba ta Hadiza. Ba da gatse take yi ba, ba ta ma san yana yanka ni ba, ko kuwa ta sani ta ga hakkinta ne. Shekara tara ina jin tambayar nan. Ni da nake ɗan farinta, na zama mutumin da maganarsa ke buƙatar shaida, kuma ban taɓa cewa uffan ba don ni na saya da hannuna.

Zuwanmu Tasawa na ƙarshe tana da rai, da damina ne, ku kuna wajen 'yan uwanku a Maraɗi. Tsufa ya gama da idon duka, wanda aka gyara ma ya koma duhu. Da la'asar muna zaune a tsakar gida, tana kan tabarma ta jingina da bango, Hadiza na gefenta tana ɓarar gyaɗa, gero na shanye a kan buhu a tsakiyar fili. Iska ta canza. Inna ta ɗaga hanci.

"Baban Rakiya, hadari ne?"

Na tashi na duba sama da kyau, gabas da arewa, kafin in buɗe baki.

"Hadari ne, Inna, daga gabas. Ya yi baƙi, amma akwai iska a ƙarƙashinsa, tana iya watsa shi. Ban tabbata zai zuba ba."

Na tsaya ina jira. Hadiza ma ta tsai da hannu a kan gyaɗar, tana jira, don ta saba. Inna ba ta juya wajenta ba. Ta gyara mayafinta, ta nuna tsakiyar fili da haɓa.

"To, tun da ka ce ya yi baƙi, a kwashe geron."